Ranar da na taka tudun ɓaraguzan Morteratsch

Daga tashar jirgin ƙasa ta Morteratsch, a gabashin Suwizalan, hanya ce shimfiɗaɗɗiya ke bin kwari har kusa da bakin kogin ƙanƙarar Morteratsch, wato tulin ƙanƙara da ke gangarowa a hankali daga tsaunuka. An kakkafa alluna a gefenta, kowanne ɗauke da shekarar da ƙanƙarar ta tsaya a wurin. Tun 1878 ake aunawa, kuma ta ja da baya fiye da kilomita 2.

Abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne dogayen tuddai biyu, dama da hagu, kamar ganuwa. Masana na kiransu moren: duwatsu da tsakuwa da laka da ƙanƙarar ta kwaso daga tsaunuka ta jibge a gefenta. Ƙololuwarsu na nuna inda kaurinta ya kai wajen 1850. Da na ɗaga kai na ga tazarar, sai jikina ya yi sanyi.

Na durƙusa na ɗebi ƙasar a tafin hannu. Kogin ruwa yakan tace kayansa, yashi gefe, tsakuwa gefe, duk a mulmule. Ƙanƙara ba ruwanta da wannan. Ga dutse mai girman mota kwance cikin ƙura mai laushi, ga ƙanana masu kaifin baki, duk a cakuɗe. Wani da na juya, jikinsa duk zane ne dogaye, inda ƙanƙarar ta goga shi da ƙasan kwari.

Sai zumuɗi ya ja ni. Na bar hanya na fara hawan gangaren da ke kusa da bakin ƙanƙarar, ina ganin ai tudu tudu ne. Ban yi nisa ba dutsen da na taka ya zame, na faɗi a gefe, tafin hannuna ya kuje. Inda tsakuwar ta zube kuwa, baƙar ƙanƙara ce ke ƙyalli, ko taƙi ɗaya ba ta kai ba daga sama. Ɓaraguzai in sun yi kauri sukan kare ta daga rana, ta yi shekaru a binne tana narkewa a hankali, abin da ke kanta yana rubzawa. Da na natsu na kasa kunne, sai na ji duwatsu na gangarowa nan da can ba wanda ya taɓa su.

Da baya-baya na sauko, ina dafa ƙasa. Tun daga ranar, kafin in ɗora ƙafa a irin wannan tudu sai na duba tsiro. Inda ciyawa da ƙananan itatuwa suka kama, ƙasar ta zauna. Inda yake fayau, launin toka, daga kan hanya nake kallonsa.