Bakinsa ya riga muryarsa

Talata, da dare.

Na dai haɗa abin nan. Kwana uku yana cikin kwalinsa a kan tebur, ina wucewa ina hararar sa, yau na ce sai na ga abin da ya ture wa Buzu naɗi. Kun san zancen: kunnen Baba ya yi nauyi, ƙarar talabijin kullum sai ƙaruwa take, Auta ta kasa karatu, Mama kuma ta gaji da mita. Talabijin ɗinmu tsoho ne, ba shi da Bluetooth, shi ne Yaya ya aiko da 'yar na'urar tura sauti, ba ta fi gidan ashana girma ba, haɗe da hedifon.

Da farko ramin hedifon na milimita 3.5 na soka wa wayar. Nan take lasifikar talabijin ta yi tsit, Mama ta ce to su kuma sauran mutanen gida hoto za su kalla? Sai na koma wa ɗaya ramin, mai jan haske a ciki, wanda aka rubuta Optical a gefensa. Kamfanin Toshiba ne ya fito da irinsa tun 1983, sauti ne ke bi ta cikinsa a matsayin haske, kuma a namu talabijin ɗin ba ya kashe lasifika. Wuta kuwa daga kafar USB ta baya na ja.

Shiru. Kusan awa guda ina durƙushe a bayan talabijin, ƙura ta cika min hanci. Ashe wani ɗan maɓalli ne a gefen na'urar yana kan RX, wato karɓa, alhali TX ake so, turawa. Na mayar, fitilar ta daina ƙiftawa, na'urar da hedifon sun haɗu, amma har yanzu ba sauti. Sai da na shiga saitin sauti na sauya tsarin da talabijin ke fitar da sauti daga Dolby Digital zuwa PCM, don waɗannan ƙananan na'urori yawancinsu ba sa iya warware na farkon. Ai kuwa murya ta faɗo min a kunne tangararau. Har rawa na taka, Auta ta ga abin dariya.

Na ɗora wa Baba a kai lokacin labarai. Ya yi murmushi, ya gyara zama. Bai fi minti biyu ba ya tsuke fuska, ya ɗage kunne ɗaya.

"Ke, zo nan. Mutumin nan bakinsa ya riga muryarsa."

Na karɓa na saurara, ni dai ban ga komai ba sai da na ƙura ido sosai. Gaskiyarsa ce. Na shiga yi masa bayani, ina jin kaina kamar wata injiniya: Bluetooth sai ya dunƙule sauti kafin ya tura, hedifon ya kwance, a tsarin da aka saba, SBC, jinkirin yakan kai wajen milisakan 200. Na'urar tana da aptX Low Latency na kamfanin Qualcomm, wanda ke rage shi zuwa kamar 40, amma sai in hedifon ɗin ma yana da shi. Namu ba shi da shi.

"Milisakan 200 ɗin nawa ke nan a lissafin mutane?"

"Kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, Baba. Ba kowa ke lura ba. Ya aka yi ka gane?"

Ya kalle ni kamar na yi tambayar yarinta. "Ai ni da bakin mutum nake ji. An daɗe."

Ya mayar da abinsa kunne ya ci gaba da kallo, ni kuwa na tsaya riƙe da rimot. An daɗe? Tun yaushe? Sau nawa na yi masa magana daga ƙofar ɗaki, ko na juya baya ina naɗe kaya, bai amsa ba na ce a raina rigimar tsufa ce? Ko watan jiya sai da na yi fushi, na ce wa Mama yana ji sarai, share ni yake yi. Ita ma ba ta ce min komai ba, ban sani ba ko ta sani.

Falon ya yi shiru yadda muka daɗe muna so. Mun rage lasifika ƙasa-ƙasa, don in ta yi ƙarfi yana jin muryar sau biyu. Yana ta dariya shi kaɗai, ba wanda ya tambaye shi me aka ce.

Sauran ƙananan abubuwa. Rimot ba ya taɓa ƙarar hedifon ta ramin Optical ɗin, sai maɓallan jikinsa, su kuma ƙanana ne ga yatsun Baba. Ya tashi da shi a kai zuwa ɗakinsa, sautin ya fara yankewa, don ƙarfinsa bai wuce mita 10 ba, bango kuma yana ragewa. Auta ta gama aikin makaranta da wuri. Gwiwata na ciwo.

Na tura wa Yaya saƙo ya duba hedifon mai aptX Low Latency, ban faɗa masa dalili ba tukuna. Da zan yi wa Baba sai da safe, na zagayo ta gabansa, na tsaya inda fitila ke haska fuskata. A karo ɗaya ya amsa.