Marsandin magada da dalilin barina filin mota

Waɗanda muka yi zaman filin mota tare sun riga sun ji na ajiye aiki, kuma na san labarin da ke yawo: wai na yi wa maigida katsalandan ana tsakiyar ciniki, na nemi ɓata masa kasuwa. Ba zan kama sunansa ba, ba zan kama sunan filin ba. Amma tunda aikina a wurin shi ne duba mota da yi mata kuɗi kafin a taya, ya kamata yaran da suka gaje ni su ji yadda aka yi a kan Marsandin nan daga bakina.

Motar Mercedes-Benz 280 SL ce, mai ƙofa biyu da kujera biyu, wadda Turawa ke kira Pagoda saboda rufinta na ƙarfe da ya ɗan lotsa a tsakiya. Daga 1963 zuwa 1971 aka ƙera wannan jerin, aka fara da 230 SL, sai 250 SL, sannan 280 SL, duka-duka ba su cika 49,000 ba. Mai ita tsohon ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, sabuwa ya saye ta, ya rasu ya bar ta a gareji lulluɓe da tamfol, tayoyi duk sun sace. Magada na so a raba gado, akwai ƙanana a cikinsu, ƙanin mamacin ne mai magana. Dillalin da ya kawo labari cewa ya yi akwai wata kwarababbiya ta sayarwa.

Ni maigida ya fara turawa. Irin wannan mota ba daga fenti ake fara duba ta ba, daga lamba ake farawa. Lambar shasin 280 SL da 113.044 take farawa, ta injinta kuma da 130.983. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarmu, don famfon mai na Bosch da ke jikin injin nan ba kowane bakanike ke iya taɓa shi ba. Da ya fara ba da wahala sai a sauke injin gaba ɗaya, a ɗora na Marsandi mai ƙofa huɗu mai kafireto, mota ta tashi kowa ya huta, alhali an zubar da babban kaso na darajarta. Wannan kuwa injinta na asali na nan, famfonsa na nan.

Na kwanta a ƙasa da tocila na bi ƙarƙashinta, na bi gindin ƙofofi da ƙasan but da bayan fitilun gaba, wuraren da tsatsa ke fara ci. Babu ruɓa. A Turai gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara shi ke cinye waɗannan motoci, a Legas kuma laima da iskar teku. Busasshiyar iskar Arewa ta adana wannan. Da na ɗaga bonet na ga ɗigo-ɗigon waldar kamfani a jere a gefen fenda, ga kuma ɗan tsagin nan da ke kusa da kowace fitila, wanda yakan ɓace idan mai gyaran bodi ya taɓa gaban mota. Ba ta taɓa karo ba ke nan. Mitar tafiya ban ba ta muhimmanci ba, tunda lamba biyar gare ta, tana cika 99,999 take komawa sifiri. Cinyewar robar da ke kan abin taka birki da ta kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya. Hajiya, uwargidan mamacin, ta fito da wata ambulan ta ce, "Ɗan nan, duba ko wannan zai yi maka amfani." Rasidin saye ne, da fam aka rubuta kuɗin, don sai 1973 naira ta shigo, ga littafin sabis a haɗe. Sitiyarinta a dama yake, kamar yawancin motocin da aka shigo da su kafin ranar 2 ga Afrilu 1972, ranar da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama.

Yi mata kuɗi shi ne wurin da mutane ke rabuwa gida biyu, kuma duka biyun kuskure ne. Wani ya kwatanta ta da Beljiyam ɗin da ke fili, ya ce mota mai shekara hamsin da ba ta tashi ai sai 'yan gwangwan. Wani kuma ya buɗe waya ya ga irinta an sayar sama da dala 100,000, ya ce shi ma kuɗinsa ke nan. Wadda ya gani an kwance ta ƙusa-ƙusa an sake haɗawa, an kashe mata kuɗin da wani lokaci ya kusa kai farashinta. Abin da nake yi shi ne in nemi waɗanda aka riga aka sayar, ba waɗanda aka sa wa kuɗi ana jiran mai saye ba. Gidajen gwanjo irin su Bonhams da RM Sotheby's suna bayyana abin da aka sallama kowace mota. A ciki in zaɓi masu hali irin na wadda ke gabana: ta daɗe a ajiye, ba ta tashi, amma jikinta lafiya kuma kayanta na asali ne. Daga nan sai ragi. Kuɗin ɗaukarta zuwa Apapa, kwantena, jirgin ruwa, kwastan na can, la'adar gidan gwanjo, ribar wanda ya zuba kuɗinsa ya jira, da kasadar cewa injin da ya yi shekaru a kwance yana iya ƙin juyawa. Na ƙara da katakon gaban dashbod da zafi ya tsattsage, da rufinta na biyu, na yadi, da ya mutu. Bayan duk wannan ragin, abin da ya saura ya ninka kuɗin tsohuwar Corolla sau da yawa. Na rubuta shi a takarda na miƙa wa maigida.

Ya karanta, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce gobe tare za mu koma.

A gidan ya zagaya motar yana girgiza kai. Ya ce wa ƙanin mamacin sitiyarin dama ne, hukuma ta hana, babu mai saye. Rabin maganar gaskiya ce, don jami'an kiyaye haɗurra ba sa yarda da ita a titinmu. Rabin da ya ɓoye shi ne a Ingila da Ostareliya da Afirka ta Kudu irinta ake nema, kuma masu sitiyarin dama su ne kaɗan a cikin waɗanda aka ƙera. Wannan na haɗiye. Sai ya zaro maganaɗisu daga aljihu, wanda muke gwada fila da shi, wato abin da ake cike lotsawa ko ruɓar bodi da shi, wanda maganaɗisu ba ya kamawa, ya manna a ƙofa ya faɗo, ya manna a bonet ya faɗo, ya manna a murfin but ya faɗo. Ya dubi dattijon ya ce, "Ka gani da idonka, Alhaji. Duk fila ce, ba sauran ƙarfe a jikinta. Don darajar mamaci kawai zan ɗauka."

Duk wanda ya san Pagoda ya san fatar ƙofofinta da bonet da murfin but na alminiyom ne tun daga kamfani, maganaɗisu ba ya kama su. Shi ma ya sani, a cikin takardata yake. Wurare ukun nan ya zaɓa, bai kai hannu kan fenda ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai nan alminiyom ne. A gwada a fenda." Iyakar abin da na faɗa ke nan, ba da ɗaga murya ba. Ya yi dariya ya ce wa dattijon, "Yaran yanzu, waya ta lalata su." Dattijon ya dube ni, ya dubi mai babbar riga da suka haɗa sahu a masallaci, ya ce, "Yaro, bari manya su yi magana." Aka taya, ya ce albarka, aka ɗan ƙara, ya sallama. Kuɗin bai kai na Corolla ɗin da na ambata ba.

Har yau ba ribar da ya ci ce ke ci mini rai ba. Ciniki sa'a ne, wanda ya san kaya ya fi wanda bai sani ba, ba kuma wanda ya ce dole ya biya abin da na rubuta. Da ya taya ƙasa ya yi shiru, da sai in ce tsaurin ɗan kasuwa ne. Amma ya ƙirƙiro aibin da babu shi, ya nuna wa mutanen da suka amince da shi, a kan dukiyar da marayu ke da haƙƙi a ciki. Tun muna makarantar allo muke jin cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kuma Annabi (SAW) ya hana a tari fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi. Mutanen gidan nan ba su taɓa isa kasuwar motarsu ba.

A hanyar komawa ya ce mini wanda ke cin abincinsa ba ya buɗe baki a cinikinsa. Daga ranar aka daina tura ni duba mota, aka mayar da ni rubuta rasidi, la'adata ta cinikin da suka gabata ta maƙale, aka fara gaya wa dillalai ina fitar da sirrin fili. Watanni na yi a haka ina jiran ko zai kira ni mu yi magana irin ta manya. Bai kira ba. Motar kuwa ba ta yi sati a fili ba aka ɗora ta a tirela sai Legas.

Sauran abin da na koya bai da yawa. Takardar ƙiyasi a yi ta biyu, ɗaya ta zauna a hannunka. Kada ka yi wa mota kuɗi a hoto. Marsandi SL ta bayan 1971, wadda aka ci gaba da ƙerawa har 1989, an yi ta da yawa, ba kuɗinsu ɗaya da Pagoda ba, ko da mai ita ya rantse. Tunda aka saki naira a 2023, kasuwa ke yanke darajarta, lissafin irin waɗannan motoci da dala ake yinsa, a juya shi ranar ciniki. Idan kayan gado ne, ka nemi magada su kira nasu mai dubawa, wanda ba ya cin la'ada a cinikin.

Yanzu aikin da nake yi ke nan, ni kaɗai: mai mota ke biya na kuɗin dubawa, ba na saye, ba na dillanci, kuma takardar a hannunsa nake ba shi.