Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tsagar Gidanmu

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda aka kai ni gidan miji a Unguwar Rogo. Kafin in shiga zamana da dangin miji sai na yi maganar fuskata, domin daga nan komai ya taso.

Ni Bagobira ce. Kakanmu ya baro Sabon Birni ya zo Jos lokacin haƙar kuza, ya zauna a Gangare, a nan aka haifi Baba, a nan aka haife ni. Ranar sunana wanzamin gidanmu ya zo da zabirarsa, ya yi mini askin suna, ya cire beli, sannan ya ja mini tsagar gado daga gefen baki har wajen kunne. Inna ta ce ita ƙuryar ɗaki ta shige ta toshe kunnuwanta. Kaka ce ta riƙe ni a cinya, ita ta shafa baƙin tukunya a kan tsagar don ta fito raɗau. Ta Baba shida ce a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, ina ƙarama nakan hau cinyarsa in bi su da yatsa ina ƙirgawa.

Kaka tana da magana ɗaya da ba ta gajiya da ita: "Mai tsaga ba ya ɓata." Takan ce a zamanin yaƙi da kamun bayi, in an sace yaro an kai shi wata ƙasa, ko ya manta harshen uwarsa fuskarsa za ta faɗi garinsu. Babarbare da tasa, Bakabe da tasa, Bayarabe da tasa. Har a kasuwar Taminus, kafin gobarar 2002, akwai wata Bayarabiya mai atamfa da in ta hango ni sai ta ɗaga murya, "Ga baiwata ta zo!" In ce mata ita ce dai baiwar, mu yi ta dariya, ta rage mini kuɗi. Wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa ke nan, kuma ba ta taɓa tambayar asalina ba, a fuska ta karanta.

To ranar buɗar kai, mata cike da tsakar gida, aka yaye mini mayafi. Sai ƙanwar mijina ta ce da ƙarfi, "Yaya, amaryar taka da kyanwa ta yi faɗa?" Aka kwashe da dariya. Ni dai kaina na ƙasa, hawaye na ɗiga a kan lallen hannuna. Goggo ce ta dafa ni ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, ba ta san gidan da kika fito ba." Har yau ƙanwar mijin nawa ba ta ce mini yi haƙuri ba, kuma mun haɗu a biki da suna ba adadi.

Bari in tsallaka gaba, don abin yana raina. A 2020, muna zaune a Kubwa, autata ta miƙo mini waya ta ce, "Mama, dubi wannan." Hoton wata mata ce, Nanaia Mahuta, da aka naɗa ministar harkokin waje ta ƙasar Niyu Zilan. 'Yar ƙabilar Maori ce, haɓarta ɗauke da jarfar gidansu, wadda suke kira moko kauae. Da wannan haɓar ta riƙa zama da shugabannin duniya, ba ta rufe ta da hoda ba. Na daɗe ina kallon hoton. Yarinyar ta ƙara karanto mini cewa matan Ainu na Japan suna yin jarfa kewaye da leɓe har gwamnati ta hana a 1871, kuma samarin Nuwer na Sudan ta Kudu layi shida ake ja musu a goshi ranar da suka zama maza. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Wallahi ƙanwar mijina na fara tunawa.

'Ya'yana babu mai tsaga ko ɗaya. Malamai sun yi wa'azi a kan hadisin da ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa, kuma ba na jayayya da maganar Manzon Allah (SAW). Likitoci sun yi gargaɗi kan aska ɗaya da ake yi wa jarirai da yawa aiki da ita. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma ta hana tsaga wa yaro fata. Duk na yarda. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a kira Kaka jahila ko muguwa. Matar da ta riƙe ni ina tsala kuka, da ƙauna ta riƙe ni, tana tsoron kada wata rana in rasa mai cewa ni tasa ce.

Kuma na ga ranar maganarta. A rikicin Satumbar 2001 na fito da goyo, ko takalmi babu, maigida yana kasuwa ban san halin da yake ciki ba. Muna cikin taron mata a bakin Bauchi Road sai wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta kama hannuna, ta dubi kuncina ta ce, "'Yar gida, taho." Irin tsagata ce a fuskarta. A ɗakinta na zauna har ƙura ta lafa, ta ba ni zaninta, ta dama wa yaron koko. Mai tsaga ba ya ɓata. Lokacin Kaka ta riga ta rasu, Allah ya jiƙanta, ban samu na ba ta labari ba.

Amma tana da rai lokacin da na haifi ɗan fari, ranar da maigida ya sallami wanzami bayan aski ya ce ba za a taɓa fuskar ɗansa ba. Abin da Kaka ta faɗa masa a zaure, da yadda ƙanwar tasa ta sake tsoma baki, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.