Gwaibar Inna da tuffar Vom

Jiya da la'asar na ga ɗan ƙanina yana sauke dashen tuffa huɗu daga adaidaita sahu. Wai a TikTok ya gani. Na ce, "Kai, a nan Kano?" Ya ce, "Baffa, ai zamani ya canza." To, zafin Afrilu dai yana nan inda na san shi.

Ni ma na tafka wannan wautar. Aiki ya taɓa kai ni Jos, na ci tuffar wani lambu a wajen Vom, ga zaƙi ga ɗan tsami, ƙamshi har hanci, in ka gatsa ka ji ƙaras. Na dawo da dashe biyu, na sare gwaibar da Inna ta shuka a tsakar gida don in ba su wuri. Wannan kam har yau yana ci mini rai. Sai dai ba ni kaɗai ke da laifi ba. Mai dashen ya ce irin Anna ne, wanda ba ya buƙatar dogon sanyi, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da ya kuɓuce mini shi ne Jos a kan tudu take, kimanin mita 1,200, darenta da sanyi. Sanyin daren nan ke riƙe wa tuffa tsaminta, shi ke sa fatarta ta yi ja. Daren Kano kuwa, bishiyar ba ta hutawa, tsamin ya zube tun 'ya'yan ba su nuna ba.

Shekara huɗu ina ban ruwa, ina tsige ganye da hannu don ta zaci hunturu ya wuce ta yi fure. Da ƙyar ta ba ni guda bakwai, kore fatau, salam, gari-gari a baki kamar dankalin da ya kwana. Yaran gidan ko jifansu ba su yi ba.

Samari, kada ku shuka tuffa a ƙasar zafi. Ku shuka mangwaro. In kuma taurin kai ya hana, kuma na san ku, ku haɗa Anna da wani irin tuffa mai suna Dorsett Golden don su yi wa juna barbara, ku kare su daga ranar yamma, ku tsinke da wuri. Kai, ku gwada ma, ƙila hannunku ya fi nawa. Amma kada ku sare komai.

Ina wannan bayani yaron yana latsa waya. Da safe na tarar ya haƙa rami jikin lemon tsamin uwarsa.