Kowa da lambarsa: aikin get a wajen hayar sito

Aikina a nan Hustan ta jihar Teksas shi ne kula da wajen da ake ba da hayar sito, wato ƙananan ɗakuna jere-jere masu ƙofar ƙarfe da ake naɗewa sama, mutum ya kama na ƙafa 5 da 5 ko 10 da 10 ko babba mai 10 da 20 ya zuba kayansa yana biya duk wata. Maigadi babu. Get ne mai madannai, ka danna tauraro ka sa lambarka ka danna # ya buɗe, daga 6 na safe zuwa 10 na dare, shike nan.

To ni dai abin da na gano, lambar nan amfaninta ba buɗe get kawai ba ne, ita ke gaya min waye a ciki. Duk wanda ya danna, kwamfutar ofis tana rubuta sunansa da lokacin, kuma sai ya sake dannawa wajen fita. Shi ya sa nake faɗa da masu raba lambarsu. Mutanenmu ma suna ciki wallahi, masu tara kaya kafin a loda kwantena zuwa Legas ko Kwatano, mutum ɗaya zai kama sito amma lambar tana hannun ƙaninsa da abokin kasuwancinsa da direban da ya taɓa kawo masa firji sau ɗaya, ranar da kwali ya ɓata kuma ya zo yana cewa manaja duba min waye ya shiga. Na duba me? Sunanka ne kaɗai zai fito Alhaji. Yanzu duk wanda mai sito ya yarda ya shiga sai an rubuta shi a takarda ya kawo katin shaida na yi masa tasa lambar daban, in sun ɓata da juna na goge ɗaya na bar ɗaya. Kuma ba na karɓar 1234 ko shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar waya, ko za ka yi fushi.

Sai bin bayan mota. Wani ya danna get ya buɗe, na baya ya manne masa ya shige. Da yawa ba ɓarayi ba ne, ganda ce kawai, amma ƙofofinmu suna da ƙararrawa da ba ta mutuwa sai in mai ɗakin ya sa lambarsa a get, don haka yana ɗaga ƙofa sai jiniya ta ɗauka, sau ɗaya ya ishe shi darasi.

Ɓarawo na gaske kuwa ba ya tsallake katanga yawanci. Ƙaramin sito mai arha yake kamawa ya samu lamba ta halal, ya riƙa zagaye yana duba kwaɗon mutane. Kwaɗo mai dogon wuya cikin daƙiƙa almakashin ƙarfe ke cinye shi, shi ya sa nake matsa wa kowa ya sayi mai zagayen nan kamar faifai da ba inda za a kama a yanke. Kullum da safe sai na bi layi-layi na taɓa kwaɗuna, na haɗa da abin da kwamfuta ta rubuta jiya, in na ga wanda ya shiga ya yi awa 3 kuma ɗakinsa ɗan mitsitsi ne sai na koma kyamara.

Wanda bai biya ba, kwamfuta da kanta take rufe lambarsa bayan kwanakin da yarjejeniya ta ce, ni kuma na ƙara wani kwaɗo ja a kan nasa. Amma gwanjon kayan wanda bai biya ba ba a yinsa da ka, a Teksas babi na 59 na dokar dukiya ya tsara sanarwa da jiran da za a yi, in soja ne da ke bakin aiki ma sai da izinin kotu.

Wanda ya tashi kuma a ranar nake goge lambarsa, haka ta mai shara da mai gyaran get da tsohon ma'aikaci. Su ma 'yan kwangila kowa tasa, da awannin da za ta yi aiki, bayan 5 na yamma ko sun danna ba za ta buɗe ba.