Daga Cape Town zuwa Sutherland, inda ake tsefe hasken taurari

Yayana da ke aiki a Cape Town ne ya ja motar. Muka bi babbar hanyar N1, muka ratsa ramin Huguenot da aka huda a cikin dutse, muka wuce gonakin inabi na Worcester. Daga nan kore ya ƙare, sai Karoo: tsakuwa, gajerun ciyayi, tumaki jefi-jefi. A Matjiesfontein muka karya arewa, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai, da ƙyar muke gamuwa da wata mota.

Watan Yuli ne, tsakiyar hunturunsu, kuma Sutherland na cikin garuruwan da suka fi sanyi a Afirka ta Kudu. Alwalar la'asar sai da na yi shahada. Amma busasshiyar iskar nan da duhun dare su suka sa aka kafa na'urorin hangen taurari a kan wani tudu a wajen garin, mai tsayin kusan mita 1,800 daga matakin teku.

Da rana aka shiga da mu wurin babbar cikinsu, SALT, wadda aka buɗe a 2005. Madubinta ya kai mita 11, an haɗa shi da ƙananan madubai 91 masu kusurwa shida-shida. Yaya ya leƙa nan ya leƙa can, ya ce da jagoranmu, "To ina ake sa ido?" Babu. Yawancin aikinta ma ba ɗaukar hoto ba ne. Tana tara hasken tauraro ta tura shi cikin wata na'ura da ke tsefe shi launi-launi, sai a ga wasu siraran layuka a jere. Kowane sinadari da nasa layukan, ba ya aron na wani. Waɗanda sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, yake bayarwa a ɗakin gwaji, su ɗin ne ake gani a hasken rana, a daidai wurinsu.

A 1835 wani masanin falsafa na Faransa, Auguste Comte, ya rubuta cewa ɗan Adam ba zai taɓa sanin abin da aka yi taurari da shi ba. Ba a cika shekara talatin ba aka fara karanta layukan nan. A 1868 aka ga wani layi a hasken rana da bai dace da kowane sanannen sinadari ba, aka raɗa masa suna hiliyam, kuma sai a 1895 William Ramsay ya samo shi a doron ƙasa. A 1925 Cecilia Payne ta nuna cewa kusan duk jikin tauraro haidirojin ne da hiliyam. Manyan fannin suka ƙi yarda, daga baya suka dawo kan maganarta. Ni dai wannan ya fi girman madubin ba ni mamaki, a ce kayan da ke can nesa su ne na nan, dokarsu ɗaya.

Da dare ba a barin baƙi kusa da SALT, ko fitilar mota ba a so. Akwai ƙananan na'urori da aka ware wa masu ziyara. Jagoran ya nuna mana taurari huɗun da ake kira Crux, waɗanda a Kano sai ƙasa-ƙasa ake hango su ta kudu a wajajen Afrilu da Mayu. A nan kuwa suna can sama. Na samansu ja-ja ne, na ƙasan fari mai shuɗi-shuɗi. Yaya ya ce ai jan ya fi zafi. Na ce, "Yaya, tuna maƙera: ƙarfe yakan fara ja, in zuga ta yi zuga sai ya koma fari." Jan bai wuce digiri 3,500 ba, ranarmu tana wajen 5,500 a fatarta, shuɗin ya haura 20,000.

Kusa da su ga tauraron Alpha Centauri, wanda haskensa kan yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso. A Cape Town ɗin da muka baro Thomas Henderson ya yi awon da ya ba da nisansa, a 1832 zuwa 1833, sai dai ya yi jinkirin bugawa har 1839, Bajamushe Friedrich Bessel ya riga shi da wani tauraron.

Muna rawar ɗari jagoran yana bayanin cewa a can tsakiyar jikin rana zafi ya kai digiri miliyan 15, inda haidirojin ke haɗewa ya zama hiliyam, manyan taurari kuma su ci gaba da wannan girki har su kai ga ƙarfe. Zinariya sai da abin da ya fi haka. A Agustan 2017 aka gano karon wasu gawarwakin taurari biyu masu tsananin nauyi, irin karon da ke haifar da ita, kuma SALT na cikin na'urorin farko da suka tsefe haskensa.

Yaya, wanda ke fama da haɗa lefen ɗansa, ya tambayi nisan wurin. Aka ce shekarar haske miliyan 130, wato haske ma sai ya yi tafiyar shekara miliyan 130 kafin ya iso. Ya ce to a bar shi da 'yan gwal na Kano, ko sun tsawwala.