Gajiyar da Barci Ba Ya Saukewa: Tayirod, Adirinal da Gurbin Maganin Gargajiya

Akwai gajiyar da kowa ya sani, wadda ke zuwa bayan aikin yini, ta tafi idan an yi wanka an kwanta. Akwai kuma wata dabam, wadda mutum zai kwana da ita ya tashi da ita, ya ji gaɓoɓinsa sun yi nauyi tun bai ɗauki komai ba. Irin ta biyun ce na daɗe ina fama da ita, kuma tun da na fara maganarta a fili, mata da yawa, har da wasu maza, suke tambayata ko akwai maganin gargajiyar da zai raba su da ita. Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi musu daɗi ba, amma ita ce nake da yaƙini a kanta: ganye da saiwa da abinci mai kyau suna da gurbinsu, sai dai gurbin yana zuwa ne bayan an san sunan ciwon, kuma sunan ba ya fitowa sai an ɗebi jini an auna.

A wajenmu mai irin wannan larura yakan sha fassara kafin ya sha magani. A gida za a ce son jiki ne, a kemis za a ce taifod da maleriya, mai maganin da ke yawo da lasifika zai ce sanyi ko basir ko shawara, wasu kuma su fara raɗe-raɗin iska ko sammu. Alhali mutuwar jikin da ta yi watanni tana iya fitowa daga ƙarancin jini, ko ciwon suga, ko ciwon hanta, ko tarin fuka, ko ciwon damuwa, ko kuma matsalar wasu ƙananan halittu da ke cikin jiki masu fitar da sinadaran homon. Kowanne da maganinsa, kuma abin da ya taimaki ɗaya yana iya cutar da wani.

Tawa matsalar daga wuya ta fito. A gaban maƙogwaro akwai wata halitta mai fiffike biyu da likitoci ke kira tayirod, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta shi ne ta saita saurin da jiki ke sarrafa abinci ya mayar da shi ƙarfi da ɗumi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tana iya gazawa ba tare da wuya ya kumbura ba ko kaɗan. Idan ta gaza, mutum zai riƙa jin sanyi ko da a tsakiyar bazara, fatarsa ta bushe, gashi ya riƙa zuba, ciki ya ɗaure, jiki ya yi nauyi ba don an ƙara cin abinci ba, mantuwa ta yi yawa. Mace kuma al'adarta ta rikice, wani lokaci ta sha wahalar samun ciki ko ta riƙa yin ɓari. Ni abin da aka samu a jikina shi ne cutar Hashimoto, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi tayirod ɗin kanta, kuma ta samo sunanta daga likitan Japan Hakaru Hashimoto da ya bayyana ta a 1912. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba. Gwajin da ke tona gazawar tayirod shi ne na TSH, sinadarin da ke ba ta umarnin aiki, a haɗa da na T4, sinadarin da ita take fitarwa, kuma jini kaɗan ake ɗiba.

Idan ana maganar hanyar da ba ta ƙwaya ba, gishiri ne farkon abin dubawa, domin tayirod ba ta iya aiki sai da sinadarin aidin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikirogiram 150 a rana ga baligi, 250 ga mai juna biyu da mai shayarwa. Najeriya ta tilasta sanya aidin a gishirin ci tun 1993, kuma wannan mataki ya rage maƙoƙo ƙwarai. Amma aidin yana tashi daga gishirin da aka baza a faranti a rana, kamar yadda ake sayar da shi a kasuwanninmu, kuma gishirin da ake haƙowa ta hanyar gargajiya ba a ƙara masa komai. Shi ya sa nake sayen na leda mai tambarin aidin, in juye shi a mazubi mai murfi, nesa da murhu.

Akwai kuma batun gero da rogo, wanda ya shafe mu kai tsaye. Binciken da aka yi a Darfur ta yammacin Sudan ya alaƙanta yawan maƙoƙo da dogaro kacokan a kan gero, saboda yana ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa tayirod kuzari, haka ma rogon da ba a jiƙa shi an sarrafa shi da kyau ba. Ban daina shan fura da kunu ba saboda wannan, kuma ba na ba kowa shawarar ya daina, domin illar takan bayyana ne a inda aidin ya riga ya yi ƙaranci kuma abinci bai da sauyi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne akasin haka, wato ƙwayoyin ciyawar teku da ake tallata wa masu ciwon tayirod a intanet. Aidin ɗin da ke cikinsu kan yi yawa sosai, kuma ga mai cutar Hashimoto yawan aidin yana iya ƙara dagula lamarin.

Wanda tayirod ɗinsa ta riga ta gaza kuwa, babu jiƙo ko sassaƙen da na sani da zai maye gurbin sinadarin da ta daina fitarwa. Maganin da ake bayarwa, lebotiroksin, kwafin wannan sinadari ne daidai da wanda jiki ke yi. Tarihinsa ma daga dabba ya faro: a 1891 likita George Murray a Ingila ya yi wa wata mata magani da ruwan da aka tatso daga tayirod ɗin tunkiya, sannan a 1914 Edward Kendall a Amurka ya ware sinadarin shi kaɗai. Har yau ana sayar da busasshiyar tayirod ta dabba a ƙasashen Turawa da sunan magani na asali, kuma ya kamata Musulmin da ke sha'awar yin odarta ya sani cewa mafi yawanta daga alade ake samowa.

Shan ƙwayar yana da ƙa'ida, kuma a nan abinci ke shigowa da gaske. Ana shan ta da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin karin kumallo. Awara da madarar waken suya da kofi suna hana hanji tsotse ta yadda ya kamata, maganin ƙarin jini da na ƙarin ƙarfin ƙashi kuwa ana ba su tazarar sa'o'i huɗu. Duk lokacin da aka sauya adadin da ake sha, ana sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8. Da azumi ya gabato nakan zauna da likita mu tsara lokacin sha, domin tsakanin buɗa-baki da sahur da wuya a sami cikin da babu komai idan ba a yi shiri ba.

Ina amfani da habbatus sauda da zuma, kuma zogale ba ya yankewa a gidana, domin ganyensa abinci ne mai gina jiki. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a Tabriz ta ƙasar Iran, aka wallafa a 2016, ya ba masu cutar Hashimoto garin habbatus sauda na tsawon mako 8, aka ga alamun ci gaba a sakamakon jininsu. Amma mutum 40 ne kawai a cikinsa, kuma mako 8 gajeren lokaci ne ga ciwon da ake rayuwa da shi har abada. Saboda haka nake ɗaukarta a matsayin mataimakiya, kuma likitana ya san ina sha. Ashwaganda, saiwar Indiya da ta cika shafukan masu sayar da kayan ƙarin kuzari, ita kam na guje ta, saboda tana iya ɗaga sinadarin tayirod ba bisa lissafi ba, an kuma sami waɗanda ta taɓa musu hanta, har ƙasar Denmak ta hana sayar da ita a 2023.

Maganar adirinal ce ta fi damuna, don a nan ne ruɗani ya fi yawa. Adirinal wasu ƙananan halittu ne guda biyu da ke zaune a saman ƙoda, masu fitar da kotizol, sinadarin da ke riƙe hawan jini da suga ya kuma tallafi jiki a lokacin ciwo ko firgici. A intanet za ka ga ana ta maganar “gajiyar adirinal”, wai yawan damuwa ya sa sun ƙare. Wani mutum mai suna James Wilson ne ya fito da wannan suna a 1998, kuma a 2016 wasu likitoci biyu daga Brazil suka bi bincike 58 ɗaya bayan ɗaya ba su sami hujjar cewa akwai irin wannan cuta ba. Gajiyar da mutanen ke ji gaskiya ce, amma sunan da aka laƙaba mata yana sa su daina neman ainihin dalilinta, su koma sayen robobin ƙwayoyi masu tsada.

Gazawar adirinal ta haƙiƙa kuwa tana nan, kuma tana kisa. Thomas Addison ya bayyana ta a Landan a 1855, kuma a ƙasashe irin namu tarin fuka yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ta. Mai ita yakan rame, jininsa ya sauka, jiri ya ɗebe shi idan ya miƙe, ya riƙa kwaɗayin gishiri, layukan tafin hannunsa da dasashinsa su yi duhu. Akwai kuma larurar Sheehan, wadda nake ganin kowace ungozoma da kowace uwa ya kamata ta san da ita. Idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, wata halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, wadda ita ke ba tayirod da adirinal umarni, tana iya lalacewa. Sai a ga ruwan nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba ko bayan shekaru, gashin hammata ya zube, mace ta zama kullum a kwance. A inda ake yawan haihuwa a gida, irin waɗannan mata sukan yi shekaru ana ba su kunun kanwa da jiƙe-jiƙe, alhali ƙwayoyin da za su dawo musu da rayuwarsu suna nan a asibiti.

Abin da ya fi waɗannan yawa a cikinmu, a ganina, shi ne wanda muke jawo wa kanmu da hannunmu. Deksametazon da firedinisolon, waɗanda 'yan mata ke sha don su yi ƙiba da sunan sha-ka-fashe, waɗanda kuma ake cusawa a haɗin ciwon jiki a wasu kemis-kemis, dangin kotizol ne masu ƙarfi. Haka mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da irin wannan sinadari, yana ratsa fata ya shiga jini. Idan jiki ya daɗe yana samunsa daga waje, adirinal sai su daina yin nasu, ranar da aka tsaya kwatsam kuma mutum ya faɗi da amai da jiri da saukar jini. An sha gano irin waɗannan sinadarai a ɓoye cikin garin da ake sayarwa da sunan maganin gargajiya a ƙasashe daban-daban, don haka duk garin da ya sa ciwon gwiwa ya ɓace cikin kwana biyu, cin abinci ya buɗe, fuska ta fara cika, ni ina zarginsa. Wanda ya san ya daɗe a kan irin waɗannan kada ya yanke su rana ɗaya. Likita ne zai riƙa rage masa a hankali. Lambar NAFDAC da ke jikin yawancin magungunan gargajiya ma shaida ce ta cewa an duba rashin illarsu, ba tabbacin suna warkar da abin da aka rubuta ba.

Akwai waɗanda duk gwaje-gwajensu za su fito lafiya lau amma gajiyar tana nan, kuma idan suka matsa wa kansu yau, gobe da jibi ba za su iya tashi ba. Wannan ma cuta ce sananniya, ciwon gajiya mai ɗorewa da likitoci ke kira ME/CFS, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin cututtukan jijiyoyi tun 1969, kuma an ƙara ganin irinta bayan annobar korona. A 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye shawarar a riƙa ƙara wa irin waɗannan marasa lafiya motsa jiki mataki-mataki, ta koma kan cewa mutum ya san iyakar ƙarfinsa ya tsaya kafin ya kai ta.

Wannan dabara ta amfane ni ko da yake ciwona dabam ne, don har yanzu akwai ranakun da ƙarfina ba ya cika. Nakan raba aikin gida gida-gida, in yi yankan kayan miya a zaune, in kiyaye barcin rana na ɗan lokaci bayan Azahar, in zaɓi taro ɗaya a cikin jerin shagulgulan biki. Mafi wuya shi ne fahimtar da dangi. Wata rana gwaggona ta ce mini, “'Yar nan, ke da ba ki rame ba, wane ciwo ne haka?” Na ce mata, “Gwaggo, wannan ciwon ƙiba ma yake sawa, ku dai ku taya ni da addu'a.” Sai da na nuna mata takardar gwaji ta ga ana maimaita shi kamar na masu suga, sannan ta fara kare ni a wajen sauran.

Ga wadda ta ga kanta a cikin abin da na bayyana, gwajin yawan jini da na suga da na TSH su ne mafari, kuma idan akwai tarihin zubar jini wajen haihuwa ko dogon amfani da sha-ka-fashe ko man bilicin, a faɗa wa likita ba tare da kunya ba, domin shi zai sa ya auna kotizol, wanda da sassafe ake ɗibar jininsa. Asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, suna da likitocin wannan fanni. Ranar zuwa a tattara duk abin da ake sha ko shafawa a jaka ɗaya, har da ƙullin gari da gorar jiƙo, a ajiye su a gaban likita ya gani da idonsa.